Masallacin Ƙudus: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙirƙira

Harabar Al-Aƙsa tana kudu maso gabashin tsohon birnin Ƙudus, girmanta kimanin hekta 14. Gine-gine biyu ne suka fi fice a cikinta, kuma a kansu jita-jita ta fi yawa.

An daɗe ana yaɗa cewa ginin nan mai kubba ruwan zinari ba shi ne Al-Aƙsa ba, wai da gangan ake nuna hotonsa don a mantar da Musulmi masallacin ainihi. Rabin maganar gaskiya ne. Ginin, wato Kubbatus Sahra, wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kammala wajen shekarar 691, daban yake da masallacin da ke ɓangaren alƙibla, mai kubba ruwan toka, inda liman ke jan sallar Juma'a. Sai dai malamai da yawa, da hukumar waƙafi da ke ƙarƙashin Jodan, suna ɗaukar harabar baki ɗayanta a matsayin Al-Aƙsa. Ke nan wanda ya nuna kubbar zinarin bai fita daga masallacin ba, kuma raba su da ake yi rage wa wurin girma ne.

Kubbar kanta ba zinari zalla ba ce. Shafe ne aka yi mata, na baya-bayan nan da kuɗin Sarki Husaini na Jodan, aka gama a 1994.

Maganar cewa dutsen da ke cikin Kubbatus Sahra yana tsaye a sama ba tare da ya taɓa ƙasa ba kuwa, ba ta da tushe ko kaɗan. Dutsen haɗe yake da tsaunin da aka gina harabar a kansa. Abin da ke ƙarƙashinsa ƙaramin kogo ne da ake sauka cikinsa ta matakala, masu ziyara kan yi nafila a ciki. Hotunan dutse mai shawagi da ke yawo a wayoyi haɗa su aka yi.

Gobarar da ta tashi a masallacin ɓangaren alƙibla ranar 21 ga Agusta 1969 kuwa ta faru da gaske, kuma ta cinye mumbarin da Salahuddin Ayyubi ya kawo daga Halab bayan ya karɓe Ƙudus a 1187. Wanda ya cinna wutar, Denis Michael Rohan, Kirista ne ɗan Ostireliya, ba Bayahude ba kamar yadda wasu ke faɗa. An kafa sabon mumbari irin na dā a 2007.