Riƙe Fitsari a Makaranta: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Akwai ɗalibai da yawa, musamman 'yan mata, da suke shiga aji ƙarfe 8 na safe, ba za su zaga ba sai sun koma gida bayan azahar. Wata ma ruwa take ƙin sha, leɓenta a bushe, don kada fitsari ya matse ta. Hujjarta ita ce an ce bandakin makaranta ne ke sa ciwon sanyi. Wannan magana ta juya gaskiya a baibai. Ciwon hanyar fitsari, mai sa zafi da yawan jin fitsari, galibi ƙwayar cutar E. coli ce ke haddasa shi, kuma daga hanjin mutum kansa take fitowa ta bi fata ta shiga mafitsara. Tsugunawa a kan masai ba shi ne ke kawo ta ba. Fitsari kuwa shi ke wanke ƙwayoyin ya fitar da su. Idan aka tsare shi sa'o'i, sai su sami damar hayayyafa. Mata sun fi kamuwa domin bututun fitsarinsu bai wuce santimita 4 ba, na maza kuwa ya kai kusan 20. Ke nan mai gudun bandaki don tsoron sanyi ta gudu ne ba ta tsira ba.

Haka sauran maganganun suke, wasu ƙarya, wasu da ƙamshin gaskiya. Cewa riƙe fitsari na hana haihuwa ba shi da tushe. Cewa mafitsara za ta fashe ma zuzutawa ce, domin a jikin mai lafiya fitsarin ne zai kufce kafin a kai can. Jini a ƙarshen fitsarin yaro mai wanka a kududdufi ko madatsar ruwa kuwa ba riƙe fitsari ne ke jawo shi ba, alamar tsargiya ce, maganinta praziquantel ne a asibiti. Abin da yake gaskiya shi ne mafitsarar babba tana ɗaukar mililita 400 zuwa 600 ne, kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya, kuma mai lafiya yakan yi fitsari sau 6 zuwa 8 a yini. Wanda ya mayar da riƙewa ɗabi'a yana iya gajiyar da tsokar mafitsararsa har ta kasa juye fitsari duka, ƙarancin shan ruwa kuma na jawo tsakuwar ƙoda da taurin bayan gida. Ciwon mafitsara da aka yi sakaci da shi yana iya haurawa ƙoda, da zazzaɓi da ciwon kwiɓi.

Malami zai ce idan ya bar kowa ya fita, darasi ya watse, wasu ma yawo za su tafi. Da gaskiyarsa, kuma haƙurin minti 20 har a tashi daga darasi ba ya cutar da kowa. Amma a bar su su fita ɗaya bayan ɗaya, domin yaron da ke matse cinyoyi yana kaɗa ƙafa ba ya jin abin da ake koya masa. Ɗaliba ma za ta ce bandakin ba ƙofa, ba ruwa, ga wari, kuma wa'azi ba zai gyara wannan ba. Nauyin yana kan hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai: a sa ƙofa mai sakata, a ajiye buta da sabulu, a raba na mata da na maza, a riƙa wankewa kullum.