Andiromeda: Daga Ɗan Gajimare Zuwa Faifan Taurari

Gabatarwa

Bahaushe ya san Zara matar wata, ya san Kaza da 'ya'yanta. Amma akwai abin da ya fi su nisa nesa ba kusa ba, wato garken taurari na Andiromeda. Wannan 'yar maƙala za ta bayyana yadda masu sha'awar kallon sama, waɗanda ba sana'arsu ba ce, suke ganinsa da ɗaukar hotonsa.

Mene ne Andiromeda?

Tarin taurari ne biliyoyi masu kewaya cibiya ɗaya, hannuwansa a naɗe kamar gammo. Haskensa yakan yi tafiyar shekara kimanin miliyan 2.5 kafin ya iso gare mu. A shekarar 964, masanin Farisa Abdurrahman al-Sufi ya siffanta shi da ɗan gajimare. A 1888 Isaac Roberts, ɗan Birtaniya mai kallon sama don sha'awa, ya ɗauki hoton da ya fito da naɗinsa. Sai a 1923 Edwin Hubble ya gano wani tauraro a cikinsa, wanda ya tabbatar da cewa garke ne dabam da namu.

Kallo da Ido

A Nijeriya ana ganinsa ta wajen arewa bayan isha'i, daga Oktoba zuwa Disamba. A zaɓi daren da babu wata, babu hazo, nesa da fitilun gari, a kuma bar ido ya saba da duhu na minti 20. Ko da madubin hangen nesa, abin da za a gani fari-farin tabo ne kawai. Nan ne da yawa ke karaya.

Ɗaukar Hoto

Dalili shi ne ido ba ya tara haske, kyamara kuwa tana tarawa. Sai dai duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, don haka ana ɗora madubin kan mariƙi mai inji da ke bin taurari, in ba haka ba su fito zane-zane. Ana ɗaukar hotuna masu yawa, sannan kwamfuta ta haɗa su. Hasken gaske yana nan a kowane hoto, dishi-dishin kuwa yana sauya wuri, sai ya dusashe, hannuwan su bayyana.

Kammalawa

Ya rage gare mu ɗaliban harshe mu daidaita sunayen waɗannan abubuwa. Shin "garke" ya fi dacewa, ko "birnin taurari"? Muddin ba mu tsayar ba, yaranmu da bakin aro za su koyi sama.