Abin da miyau ke faɗa game da dasashin mai ciwon sukari

Mai ciwon sukari a Kafin Hausa ko Haɗeja ya saba a tsire masa yatsa a auna jini, ya saba da gargaɗi kan ƙafa da ido da ƙoda. Baki ne ba kasafai ake tambayarsa ba. In ya ga jini a jikin asuwaki da asuba, sai ya ce icen ne ya yi tauri.

Alhali tun 1993 wani masanin haƙori mai suna Harald Löe ya sanya ciwon dasashi a matsayin illa ta shida da sukari ke jawowa. Wanda sukarinsa ba ya daidaita ya fi waninsa haɗarin kamuwa da shi wajen ninki uku. Ciwon kuma ba kasafai yake zuwa da zafi ba. A hankali yake cin naman da ƙashin da suka riƙe haƙori, sai ranar da mutum ya ji haƙorin na motsi.

A nan miyau ya shigo. Idan ƙwayoyin cuta suka taru a gindin haƙori, fararen ƙwayoyin jini kan yi dafifi su yaƙe su, suna zubo wasu sinadarai masu narkar da nama da ake kira inzayim. Wanda aka fi nazari a cikinsu shi ne MMP-8, wanda ke tsinka zaruruwan da suka ɗaure haƙori da mazauninsa. Ga mai sukari wannan faɗa ya fi zafi, ya fi daɗewa, har ya zama masu tsaron gidan ne ke rushe katangar. Akwai kuma AST da LDH da ke fita daga naman da ya lalace, da ALP mai alaƙa da ƙashi. Duk cikin miyau suke ƙarewa. Timo Sorsa da abokan aikinsa a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan sun samar da gwajin MMP-8 wanda mutum zai kurkure baki, a ɗiga ruwan a ɗan tsinken gwaji, sakamako ya fito cikin mintuna.

Amfaninsa ga yanki irin namu a fili yake: ba allura, ba zafi, kuma ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauyen fadama zai iya ware wanda ya kamata a tura wurin likitan haƙori a Haɗeja ko Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano. Sai dai kada a zuzuta shi. Bai zama ruwan dare ba tukuna, shan taba da wasu magunguna na iya karkatar da sakamakonsa, kuma ba ya nuna wane haƙori ne ya taɓu. Wannan sai likita ya zura ɗan ƙarfen awo tsakanin haƙori da dasashi ya ga zurfin ramin.

Kafin gwajin ya iso, alamomin da ido da hanci ke kamawa sun isa a tashi: jini wajen goge baki, kumburi, warin da ba ya jin asuwaki, bushewar baki, dasashi ya ja baya. Zuwa asibitin ma riba biyu ne, don kumburin dasashi shi ma yana hana sukari sauka. Bitar binciken lafiya ta Cochrane ta 2022 ta gano cewa kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashi na rage awon HbA1c, wato matsakaicin sukarin wata uku, da kusan maki 0.4 cikin wata 3 zuwa 4.