Iskar da Kake Shaƙa a Dogon Bene, da Maƙwabta Kake Raba Ta

A watan Maris na 2003 cutar SARS ta shiga rukunin gidajen Amoy Gardens da ke Hong Kong, benaye masu hawa fiye da 30. Kafin ta lafa, mutum 329 sun kamu, 42 sun rasu. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne yadda cutar ta riƙa bin gidajen da ke jere, wani bisa wani, har ga waɗanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Bincike ya kai ga banɗaki. A ƙarƙashin magudanar daɓe akwai wani lanƙwasasshen bututu mai riƙe ɗan ruwa, shi ke toshe iskar da ke tasowa daga babban bututun bahaya. Mazauna wurin sun saba goge daɓe da tsumma maimakon kwara ruwa, sai ruwan ya ƙafe. Da mutum ya rufe ƙofa ya kunna fankar fitar da iska, sai ta zuƙo tururin ƙazanta cikin banɗakin, ta kuma hura shi ta wajen tagogin maƙwabta.

Don haka mai zama ko aiki a dogon bene, a Abuja ne ko Legas, ko alhajin da aka sauke a otal a Makka, idan ya ji wari na tasowa daga magudana, kada ya tsaya fesa turare. Ya zuba ruwa cike da buta, ya riƙa yi duk mako, musamman a banɗakin da ba a cika shiga ba.

Sanyin ɗaki ma na yaudara. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ba ta shigo da sabuwar iska, tsohuwar take juyawa. Ciwon kai da kasalar da ke kama mutum a ofis, su sake shi da zarar ya fita, sun isa ya buɗe taga, ya kuma tambayi masu kula da ginin yaushe rabon da a wanke matatun na'urorin.

Mafi muni shi ne janareta. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, kuma matakala da ramin lif na jan iska sama. Wanda ya tayar da shi a ƙarƙashin matakala ko a baranda, yana iya halaka iyalin da ke barci a samansa.