Yaƙin Duniya na Biyu: Mafarinsa, Fagagensa da Duniyar da Ya Haifar

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ne ranar 1 ga Satumba, 1939, da sojojin Jamus suka kutsa ƙasar Polan, bai kuwa lafa ba sai ranar 2 ga Satumba, 1945, da Jafan ta sa hannu a takardar miƙa wuya. A cikin shekarun nan shida an yi hasarar rayuka fiye da miliyan 60, akasarinsu farar hula. A ƙasar Hausa dattawa kan kira shi Yaƙin Hitila, wasu su ce Yaƙin Boma, saboda can ne aka fi kai 'ya'yansu.

Tushen fitinar yana cikin yadda aka rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya. A yarjejeniyar Versailles ta 1919 an ɗora wa Jamus alhakin yaƙin, aka yanke mata wasu yankuna, aka ƙwace dukan ƙasashen da take mulka a waje, har da Kamaru da Togo da Tanganyika. An hana ta tara soja fiye da 100,000, sannan aka aza mata diyya mai nauyi. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin an ci mutuncin Jamus amma masana'antunta da yawan jama'arta suna nan daram. A 1923 darajar kuɗin ƙasar ta faɗi warwas, har burodi guda ya kai Mark biliyan 200, ma'aikaci na karɓar albashi sai ya ruga kasuwa kafin farashi ya sake tashi da yamma. Tsoffin da suka yi shekaru suna tara kuɗi suka wayi gari ba su da ko na cefane. Da ƙyar ƙasar ta fara farfaɗowa sai ga karayar tattalin arzikin duniya ta 1929, wadda ta bar Jamusawa kusan miliyan shida ba aikin yi.

A wannan hali ne Adolf Hitila da jam'iyyarsa ta Nazi suka sami masu saurare. Ya ce wa mutane ba a ci Jamus da yaƙi a fagen fama ba, cin amana aka yi mata daga cikin gida, ya kuma nuna Yahudawa da 'yan gurguzu da yatsa. Ƙarya ce, amma ta shiga. An naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933, kafin shekara ta ƙare ya soke sauran jam'iyyu. Kuskure ne a ɗauka cewa ramuwar gayya kaɗai ta tura shi. Aƙidarsa ita ce Jamusawa sun fi kowa asali, don haka halal ne su mamaye gabashin Turai, su bautar da mazauna wurin ko su hallaka su. Mai irin wannan buri ba ya tsayawa don an ba shi lardi ɗaya ko biyu.

Ba shi kaɗai ke da kwaɗayin ƙasar mutane ba. Jafan, wadda ba ta da man fetur ko isasshen ƙarfe, ta ƙwace Manchuria a 1931, ta afka wa ƙasar Sin gaba ɗaya a 1937, ta yi kisan gilla a birnin Nanjing. Musolini na Italiya ya auka wa Habasha a Oktoban 1935, har da gubar da aka haramta a yaƙi. Sarki Haile Selassie ya je Geneva da kansa a 1936 ya kai kuka gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda Habasha ke cikinta, aka saurare shi aka watse. Wannan abin kunya ya nuna wa kowane mai ƙarfi cewa ƙungiyar ba ta da haƙora. Hitila ya mayar da soja yankin Rhineland a 1936, ya haɗe Ostiriya a Maris na 1938, sannan a taron Munich na Satumba Ingila da Faransa suka yarda ya yanki wani ɓangare na Cekosulobakiya, suna fatan zai ƙoshi. Bayan wata shida ya lashe sauran. Ranar 23 ga Agusta, 1939 ya ƙulla yarjejeniya da Stalin na Tarayyar Sobiyet, a asirce suka raba Polan tsakaninsu tun kafin a harba harsashi.

Shekaru biyu na farko na Jamus ne. Dabararta ita ce haɗa tankoki da jiragen sama da sojan mota a wuri guda, su fasa layin abokan gaba su wuce da sauri kafin a farga. Polan ta faɗi cikin mako biyar. A bazarar 1940 Denmak da Nowe da Holan da Beljiyam suka bi baya. Faransa, wadda ake ganin sojanta ba na biyu a Turai, ba ta yi mako bakwai ba: Jamusawa suka ɓullo ta dajin Ardennes inda ba a zata ba, suka shiga Faris ranar 14 ga Yuni. Ingila ta samu ta kwashe soja kimanin 338,000 daga gaɓar Dunkirk, ta kuma tsira daga mamaya saboda jiragenta sun hana na Jamus mallake sararin samaniyarta.

Faɗuwar Faransa ta raba ƙasashen da take mulka a Afirka gida biyu. Nijar ta kasance a hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har zuwa ƙarshen 1942, iyakarta da Nijeriya ta zama iyakar ɓangarori biyu masu gaba. Cadi kuwa, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun watan Agustan 1940, daga can ne kuma kwamandansa Leclerc ya ratsa hamada ya ƙwace Kufra a kudancin Libiya a Maris na 1941. Matakin Éboué ya buɗe wata hanya mai muhimmanci. Tekun Bahar Rum ya yi haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen saman yaƙi a cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi, a ƙasar da ta zama Ghana, a harhaɗa su, su taso ayari-ayari ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Fashir da Khartum har Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya, filin jirgin Kano ya zama zangon da ba a iya tsallakewa.

A gabashin Afirka sojojin Nijeriya sun taka rawa sosai. Su ne suka shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairun 1941, suka bi Italiyawa a guje har Harar cikin kusan wata guda. Haile Selassie ya koma Addis Ababa ranar 5 ga Mayu, 1941, shekara biyar cif bayan faɗuwarta.

Ranar 22 ga Yuni, 1941 Hitila ya yi abin da ya ci shi. Ya tura soja fiye da miliyan uku cikin Tarayyar Sobiyet, ya buɗe fagen da ya fi kowane girma da muni a tarihin yaƙi. An yi wa Leningrad ƙawanya kusan kwana 900. A hunturun farko rabon burodin wanda ba ma'aikaci ba ya sauka zuwa giram 125 a yini, shi ma an cuɗa shi da dusa da wasu tarkace, mutane suna faɗuwa matattu a kan titi. A bayan fagen daga kuma rundunoni na musamman suna tara Yahudawa a bakin rami suna harbewa, daga baya aka gina sansanonin kisa irin su Auschwitz da Treblinka. An hallaka Yahudawa kimanin miliyan shida, tare da 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da fursunonin yaƙi na Sobiyet wajen miliyan uku. Duk da haka Mosko ba ta faɗi ba. Sobiyet ta kwance ɗaruruwan masana'antu ta loda a jiragen ƙasa zuwa bayan duwatsun Ural, ta ci gaba da ƙera makamai.

Ranar 7 ga Disamba, 1941 Jafan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor, kwana huɗu bayan haka Hitila ya shelanta yaƙi da Amurka. Cikin 'yan watanni Jafan ta mamaye Filifin da Malaya da Indonusiya da Boma. A Singafo soja kusan 80,000 na daular Ingila suka ajiye makamai a Fabrairun 1942, mutanen Asiya suna kallo. Kwarjinin Bature bai sake dawowa yadda yake ba.

Faɗuwar Malaya ta iso har Jos. Ingila ta rasa babbar madogararta ta kuza, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Filato daga 1942 zuwa 1944, wanda jama'a suka sa wa suna ɗiban gwamna. An kwaso dubban manoma daga lardunan Arewa zuwa wurin da ba su saba da sanyinsa ba, abinci bai isa ba, masauki ba kirki, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. A Bengal ta Indiya abin ya fi haka muni, yunwar 1943 ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku.

Al'amura sun juya tsakanin tsakiyar 1942 da tsakiyar 1943. A Midway Amurka ta nutsar da manyan jiragen ruwan Jafan huɗu masu ɗauke da jiragen sama. A El Alamein ta Masar aka kora Rommel, kwamandan sojan Jamus, baya, ya zuwa Mayun 1943 babu sauran sojan Jamus ko Italiya a Afirka. A Stalingrad aka yi wa runduna guda ta Jamus ƙawanya, ragowarta wajen 91,000 suka miƙa wuya a farkon Fabrairun 1943, sai kuma gumurzun tankoki na Kursk a Yuli. Gaskiyar magana, ƙashin bayan sojan Jamus a gabas aka karya shi, domin a can ta yi hasarar mafi yawan mayaƙanta. Amurka kuma ta zama maƙerar Ƙasashen Ƙawance masu yaƙi da Jamus da Jafan, ta ƙera jiragen sama kusan 300,000, ta aika wa ƙawayenta motoci da abinci da mai. Saukar soja kimanin 156,000 a gaɓar Normandy ranar 6 ga Yuni, 1944 ta sa Jamus a tsaka mai wuya. Hitila ya kashe kansa a Balin ranar 30 ga Afrilu, 1945, Jamus ta sallama ranar 8 ga Mayu.

A Boma runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da akasarin sojojinsu ke fahimtar juna da shi, sun yi faɗa a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Wuri ne na duwatsu da surƙuƙi da ruwan sama marar yankewa, inda mota ba ta shiga. Daga sama ake jefo musu abinci da harsashi, sauran tafiya kuma sai a ka, masu dako na hawa tudu da akwatunan albarusai da sassan manyan bindigogi. A Janairun 1945 suka ƙwace Myohaung. A gida labarinsu na zuwa ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939 Abubakar Imam na editanta. Yaƙin Asiya ya ƙare ne bayan Amurka ta jefa bam ɗin ƙare-dangi a Hiroshima ranar 6 ga Agusta da Nagasaki ranar 9, a daidai lokacin da Sobiyet ta afka wa Manchuria.

Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27, Sin ta rasa aƙalla miliyan 15, Polan kusan miliyan shida. A kotun Nuremberg aka gurfanar da manyan 'yan Nazi, aka yanke wa 12 hukuncin kisa, aka kuma kafa ƙa'idar cewa bin umarnin na gaba ba ya wanke mai laifi. Amma ƙawancen da ya ci yaƙin bai daɗe ba. Duk inda sojan Sobiyet ya tsaya a gabashin Turai sai gwamnatin gurguzu ta kafu. Amurka ta zuba kimanin dala biliyan 13 a yammacin Turai ta shirin Marshall, aka kafa ƙungiyar NATO a 1949, a shekarar kuma Jamus ta rabu biyu, 'yan gurguzu suka karɓi mulki a Sin. Yaƙin Cacar Baka ke nan, wanda ya kai har 1991. A Gabas ta Tsakiya Ingila ta janye daga Falasɗinu a 1948, aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu, rikicin da har yau bai mutu ba.

Babban abin da yaƙin ya rusa ba tare da niyyar masu yinsa ba shi ne mulkin mallaka. A 1941 Cocil na Ingila da Roosevelt na Amurka sun amince a rubuce cewa kowace al'umma na da ikon zaɓen gwamnatinta, daga baya Cocil ya ce Turai ake nufi. Waɗanda suka zubar da jini ba su yarda da wannan fassara ba, Turawa kuma ba su saki da daɗin rai ba. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba, 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan tsoffin mayaƙan Afirka da ke neman haƙƙinsu na albashi. A Sétif ta Aljeriya an kashe dubban mutane bayan zanga-zangar ranar 8 ga Mayu, 1945, ranar da Turai ke bikin nasara. A Akara an harbe tsoffin soja uku ranar 28 ga Fabrairu, 1948. Sai dai Ingila da Faransa sun fito yaƙin a talauce, ba su da ƙarfin riƙe abin da ke hannunsu. Faransa ta soke aikin tilas a 1946, shekarar da aka kafa jam'iyyar PPN a Nijar. Indiya da Pakistan suka sami 'yanci a 1947, Sudan a 1956, Ghana a 1957, Kamaru da Nijar da Cadi da Nijeriya a 1960.

Tsarin da masu nasara suka shimfiɗa shi ne ke tafiyar da duniya har yanzu. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya sun fito ne daga taron Bretton Woods na 1944. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aiki ranar 24 ga Oktoba, 1945 da ƙasashe 51, huɗu kacal daga Afirka: Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Amurka da Sobiyet da Ingila da Faransa da Sin suka ba kansu kujerun dindindin a Kwamitin Sulhu da ikon hawa kujerar na-ƙi. Yau Afirka na da ƙasashe 54 a Majalisar, tun 2005 take neman kujerun dindindin biyu, har yanzu ba a ba ta ko ɗaya ba.