Fam Dubu Ɗari Da Suka Haifi Sarkin Injunan Tsere

Masu sha'awar mota da yawa sukan ɗauka cewa inji mai gudu ba abin da yake bukata sai tulin kuɗi. To, labarin Cosworth DFV, injin tseren da aka ƙera a Ingila, ya nuna cewa yadda aka kasa kuɗin shi ne kan magana.

A shekarar 1966 ne aka sake dokar tseren motoci na Formula 1, aka ninka girman inji daga lita 1.5 zuwa lita 3. Kamfanin Coventry Climax, wanda yawancin 'yan tseren Ingila suka dogara da shi, ya janye hannunsa. Sai Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya wayi gari ga mota ga direba, amma ba injin kirki. Ya tafi wurin Keith Duckworth, tsohon ma'aikacinsa, wanda ya kafa kamfanin Cosworth tare da Mike Costin a 1958. Duckworth ya yi lissafi, ya ce fam 100,000 za su isa. Chapman ya yi ta faɗi-tashi har Walter Hayes na kamfanin Ford reshen Ingila ya shawo kan manyansa suka yarda su biya.

Lura da yadda aka tsara aikin, mai karatu. Duckworth bai faɗa wa babban injin kai tsaye ba. Sai da ya fara ƙera ƙarami mai silinda 4, lita 1.6, mai suna FVA, domin ƙaramin tsere. A kansa ya gwada dabararsa ta sa bawul 4 a kan kowace silinda, watau biyu na shigar iska da mai, biyu na fitar hayaƙi, don inji ya yi numfashi a sake. In da kuskure, gara ya bayyana a inda gyaransa ke da araha. Da dabarar ta tabbata, sai ya ɗora babban a kanta: silinda 8, bawul 32, ƙarfin doki kamar 400, yana juyi 9,000 a minti ɗaya.

Akwai kuma wata hikima da ta rage nauyi. An yi injin da ƙwari yadda za a ɗaure shi a bayan mazaunin direba, ƙafafun baya kuma su rataya a jikinsa. Ke nan injin ya zama rabin ƙashin bayan motar, ba kaya ba ne da take ɗauke da shi.

Ran 4 ga Yuni, 1967, aka fito da shi a Zandvoort ta ƙasar Holan cikin mota Lotus 49, Jim Clark kuwa ya cinye tseren a fitowar farko. Amma fa ba a rabu lafiya ba. Abokin aikinsa Graham Hill yana kan gaba sai haƙoran giyar da ke juya sandar bawul suka karye. Girgizar da ke cin waɗannan haƙora ta ɗauki shekaru kafin a yi maganinta. Irin wannan ɗawainiya ce masu kasafi suka fi mantawa da ita, alhali kuwa inji ba ya faɗin cutarsa sai ya ji wuta.

Daga 1968 Ford ta yarda a sayar da shi ga kowa, a kan fam 7,500 kowane ɗaya. Kuɗin saye kuwa somin-taɓi ne, gama injin tsere bayan 'yan ɗaruruwan mil sai an warware shi an sake kayan ciki. Duk da haka ƙananan kamfanoni irin su McLaren, Tyrrell da Williams suka sami abin karawa da Ferrari. A 1969 da 1973 babu tseren gasar duniya ko ɗaya da ya kuɓuce wa wannan inji.

Injuna masu turbo ne suka ture shi a farkon shekarun 1980. Nasararsa ta ƙarshe, ta 155, Michele Alboreto ne ya samo ta a birnin Detroit na Amurka a 1983, cikin motar Tyrrell.