SHEKARA TA JUYA: KOWA YA LEƘA RUMBUNSA

A ƙasar Zungur ta Bauchi, manomi ba ya jiran wani ya gaya masa cewa kwanaki sun ja. Da ya leƙa rumbu ya ga dammunan dawa sun yi ƙasa, sai ya sami wuri ya zauna ya yi lissafi. Ya ƙidaya abin da ya rage, ya ƙidaya bakunan da ke ci a gidansa, kana ya ƙidaya watannin da suka saura kafin sabon hatsi ya nuna. In ya ga lissafin bai fita ba, sai ya rage awo tun da sauran dama, domin ya san wanda ya bari sai rumbu ya yi ƙaf sa'an nan ya farga, to, ya makara.

To jama'a, irin wannan zaman lissafi shi ne abin da shigowar watan Muharram yake nema daga kowane Musulmi. Sarkin Musulmi yakan ba da sanarwar ganin wata, jihohi irin su Kano da Sakkwato da Jigawa sukan ba ma'aikata hutun kwana guda, mutane su yi ta yi wa juna barka da sabuwar shekara. Duk wannan ba laifi. Amma abin tambaya shi ne, mutum nawa ne a cikinmu suke leƙa rumbun rayuwarsu su ga abin da ya tafi da abin da ya rage?

ASALIN LISSAFIN

Shi kansa wannan lissafi na Hijira, maganar haƙƙin mutane ce ta haife shi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, an kawo masa wata takardar bashi da aka rubuta za a biya a watan Sha'aban. Sai ya tambaya ko wane Sha'aban ake nufi, na bara ne, ko na bana, ko kuwa na baɗi. Daga nan ya tara Sahabbai aka yi shawara, aka tsaya a kan a fara ƙidaya daga shekarar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaura daga Makka zuwa Madina, wato 622 ta Miladiyya. An yi wannan zama ne wajen shekara ta 17 bayan Hijira. Ko da yake a watan Rabi'ul Awwal Annabi ya isa Madina, Muharram aka zaɓa ya zama farkon shekara, domin a lokacin ne alhazai suke komowa gida bayan sun sauke farali, kowa ya buɗe sabon shafi.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. Shi ya sa take zagayawa cikin yanayi. Dattawan Bauchi suna tune da shekarar 1400, wadda ta shigo cikin watan Nuwamba na 1979, lokacin da hunturu ya fara kaɗawa ana girbin dawa. A 2008 kuwa sau biyu aka ga sabuwar shekarar Musulunci, 1429 cikin Janairu, 1430 kuma a ƙarshen Disamba. Ita kuma 1447 a ƙarshen Yuni na 2025 ta kama, manoma suna tsakiyar noman farko.

Akwai wani abin lura a cikin wannan kwana 11. Mutumin da takardar haihuwarsa ta nuna shekara 60, in aka juya lissafin zuwa na wata, ya kusa cika 62. Annabinmu kuwa yana da shekara 63 ya koma ga Ubangijinsa. Ke nan da yawa daga cikinmu mun fi tsufa a kan yadda muke tsammani, kuma mun fi kusa da kushewa a kan yadda takardunmu suke gaya mana.

Mu ɗauki shekarar da ta fita kaɗai. A cikin kwana 354 akwai sallolin farilla 1,770, da Juma'a kamar 50, da azumin wata guda. Wanda yake barcin awa takwas a kullum, ya kwashe sulusin shekarar a kwance. Wanda yake ba kowace salla minti goma, abin da ya tsaya gaban Ubangijinsa a duk shekarar bai cika kwana 13 ba in an haɗa shi wuri ɗaya. Sauran kwanakin fa, ina suka tafi? Kowa ya san amsar tasa.

ƊAN ZUNGUR DA BAI DAƊE BA

Sunan Zungur ya shiga kunnen duk Nijeriya ne ta dalilin mutum ɗaya, Malam Sa'adu Zungur. Ya tashi a gidan malanta a birnin Bauchi, ya yi karatun addini mai zurfi tun yana yaro, ya shiga Kwalejin Katsina, daga nan ya wuce babbar Kwalejin Yaba ta Ikko a 1934, a lokacin da ɗan Arewa bai saba taka wannan wuri ba. Ya koyar a Zariya. Da ya komo gida, yana cikin waɗanda suka riƙe zauren tattaunawar nan na Bauchi da aka kafa a 1943, inda su Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama ana faɗa wa hukuma gaskiya. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko. Waƙoƙinsa, irin su "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" da "Waƙar Bidi'a", har yau ana karanta su a makarantu.

Duk wannan aiki ya yi shi ne yana fama da ciwon ƙirji wanda ya daɗe yana kwantar da shi. Ya rasu cikin Janairu na 1958, wato 1377 ta Hijira, bai ko kai shekara 45 ba, kuma bai ga ranar samun mulkin kai da ya yi wa fafutika ba. Ga shi yau akwai makarantar firamare mai sunansa a cikin garin Bauchi, an kuma sa wa jami'ar jiha ta Gadau sunansa.

Haka nan abokin zamansa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, aka kashe shi cikin Janairu na 1966, a watan azumin 1385, yana Firayim Minista. Kabarinsa yana nan cikin Bauchi, mutane suna zuwa ziyara daga nesa. Abin da ya fi tsaya wa masu ziyarar a rai shi ne, mutumin da ya riƙe ƙasa baki ɗaya ya tafi bai bar tarin dukiyar da za a nuna a ce ta jama'a ce ya kwashe ba.

Ba mun kawo waɗannan bayin Allah ba ne don mu ce ba su da kuskure, hisabinsu yana wurin Mahaliccinsu kamar na kowa. Mun kawo su ne don mai karatu ya gwada. Da yawa daga cikinmu mun riga mun wuce shekarun Malam Sa'adu, da lafiyarmu garau. Me muka ajiye?

TUBA TANA DA SHARUƊƊA

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hashri aya ta 18, ya umarci kowane rai da ya dubi guzurin da ya gabatar domin gobe. Suratul Asri kuwa, mai ayoyi uku kacal, da zamani aka yi rantsuwa a cikinta a kan cewa ɗan Adam yana cikin hasara, in ban da masu imani da aikin ƙwarai da yi wa juna wasiyya da gaskiya da haƙuri. An kuma ruwaito Sayyidina Umar yana horon mutane da su yi wa kansu hisabi tun kafin a yi musu.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya fara littafin Ahalari, ya san tun a shafukan farko ake koya wa ɗalibi sharuɗɗan tuba. Mutum ya yi nadamar abin da ya aikata, ya bar saɓon nan take in yana cikinsa, ya kuma ƙudura niyyar ba zai koma ba. Littafin ya yi gargaɗi a kan jinkirta tuba da cewa sai gaba. Malamai sun ƙara da sharaɗi na huɗu in laifin ya shafi wani mutum, wato a mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ko a nemi ya yafe.

A wannan sharaɗi na huɗu ne akasarinmu muke faɗuwa. Istigfari da baki ba shi da wuya, ga carbi a hannu. Amma ɗaukar kuɗi a kai wa wanda aka cuta, ko zuwa ƙofar gidan wanda aka yi wa ƙazafi a ce masa na yi maka ƙarya, wannan shi ne mai nauyi. Ga shi kuwa hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa matsiyaci na gaskiya shi ne wanda zai zo ranar Ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare, sa'an nan a ɗebo zunubansu a ɗora masa.

A ƙasar Hausa muna kiran Muharram watan cika-ciki. A daren Ashura akan yi tuwo mai yawa a ci a ƙoshi, taubasai kuma suna bin juna kuɗin shara cikin raha. Abin da ya tabbata daga Annabi dai shi ne azumin ranar 10 ga wata, da son a haɗa da ranar 9, kuma an yi alkawarin wannan azumi yana kankare zunubin shekarar da ta wuce. Sai dai malamai sun yi bayanin cewa ƙananan zunubai ake nufi. Azumin Ashura ba ya biyan bashi. Ba ya mayar da gonar marayu da aka haɗe da ta baffansu, kuma ba ya cika mudun da aka ƙwanƙwasa wa gindi.

Ni mai wannan rubutu na ɗanɗana ɗacin jinkiri. Shekarun baya na karɓi rancen kuɗi a hannun wani abokina da muka tashi tare, ba takarda, ba shaida. Kowace shekara sai in ce bari abubuwa su daidaita. Shi kuwa kunya ta hana shi tambaya. Wata safiya sai ga labarin rasuwarsa. Na je gaisuwa na zauna a kan tabarma cikin masu karɓar gaisuwa, aka tashi aka yi sanarwar cewa duk wanda yake bin mamaci bashi, ko mamaci yake bi, ya yi magana. Na yi shiru saboda nauyin idon jama'a. Sai da aka yi wata biyu, bayan an riga an raba gado, sa'an nan na iya zuwa wurin wansa na ce, "Yaya, akwai kuɗin marigayi a hannuna." Kuɗin na biya, amma darajarsu ta riga ta zube, abin da zai sayi buhu a ranar da na karɓa bai fi ya sayi 'yan tiyoyi ba. Wanda zai ce ya yafe mini wannan jinkiri kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

ABIN YI KAFIN ASHURA

Saboda haka ga shawara ga 'yan'uwa, na gida da na bariki. Kafin ranar 10 ga wata, kowa ya sami dare ɗaya ya kaɗaita da takarda da alƙalami, ko da boko ko da ajami.

Da farko ya rubuta abin da ke tsakaninsa da Allah: sallolin da suka kuɓuce, ramuwar azumi, da zakka. A nan attajiran Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal su lura, shekarar zakka da wata ake ƙidaya ta. Wanda yake jiran Janairu ya fitar da kashi ɗaya cikin 40 na dukiyarsa, yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana 11 a kowace shekara, kuma a cikin shekara 33 ya cinye zakkar shekara guda cur.

Na biyu ya rubuta sunayen mutanen da suke binsa, kuɗi ne ko aro ko ajiya ko ladan aiki. Wanda zai iya biya ya biya a wannan mako. Wanda ba shi da hali ya je ya faɗa, a sa rana, a rubuta, a kafa shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta koyar. 'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, waɗanda suka baro gida da jarin wani, ko suka bar iyali ba aike, nisan hanya ba ya sauke nauyi, balle yanzu da kuɗi suke isa Bauchi ta waya kafin mutum ya gama shan shayi.

Na uku ya rubuta waɗanda ya ɓata wa da harshe, da 'yan'uwan da ya yanke wa zumunci. Shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, amma a cikinmu akwai wa da ƙane da suka shekara goma ba sa ga maciji a kan katangar gida. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tambayi kansa awa nawa ya zauna a ofis cikin awoyin da aka biya shi, da kuma takardun mutane nawa ya danne sai an ba shi na goro.

Manomin Zungur in ya ga rumbu ya yi ƙasa, ya san kwanan watan da sabon hatsi zai shigo, yana da abin da zai sa rai a kai. Mu kuwa ba wanda aka gaya wa dammunan kwanaki nawa suka rage masa. Mutane nawa muka ci tuwon cika-ciki da su bara, waɗanda bana sai dai a kai musu ziyara a maƙabarta?

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin mutane tun muna da numfashi, Ya karɓi tubarmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu ga ƙarshen wannan shekara cikin imani da zaman lafiya. Amin.